Siraran saiwoyi ne ke cin lokacina

Ƙaramin kamfani gare ni. Muna dasa wa mutane gonakin itatuwa, mu kuma shuka musu amfanin gona a tsakanin layuka kafin rassa su haɗe. Mai gona yakan ɗaga kai ya duba ganye, ni kuwa hankalina na kan siraran saiwoyin nan da kaurinsu bai wuce milimita 2 ba. Manyan saiwoyi riƙe bishiya suke yi, su kai ruwa sama. Sirara su ne bakin da take ci da shi, kuma galibinsu suna cikin santimita 30 na saman ƙasa, daidai inda masara da wake ke neman nasu rabon.

In muka je duba gona, mukan kafa bututun ƙarfe mu ciro ƙasa, kusa da gindi da kuma tsakiyar layi, mu wanke ta a rariya. Saiwa mai rai fara ce, in ka ja ta tana ɗan miƙewa. Matacciya ta yi duhu, da ka murza ta sai ta marmashe. Ganin matattun ba ya tayar mini da hankali, don yawancinsu ba sa daɗewa, kuma ruɓewarsu taki ce da ta sauka a wurin da ake bukatarta.

Sinadaran da shuka ke ci a ƙasa kowanne da halinsa. Fosfaros ba ya yawo, sai saiwa ta je ta same shi, shi ya sa bishiya ke cusa saiwoyinta duk inda aka zuba wa masara taki. Naitirojin kuwa ruwa kan wanke shi ya gangara can ƙasa, inda saiwar bishiya mai zurfi ke kamo shi, ya dawo sama ta ganyen da ke zuba. Wannan ita ce ribar haɗa shuka da na fi yarda da ita.

Dangin wake nake fifitawa a layin da ke kusa da itatuwa. Nakan tuge guda, in fasa ƙulle-ƙullen jikin saiwarsa da farce. In cikinsu ya yi ja-ja, to suna ɗaukar naitirojin daga iska. Sai dai kaso mai yawa yana tafiya da ƙwayar da aka girbe, don haka nake roƙon masu gona su bar ganye da kara a wurin. Yana ba ni takaici in ga an share gona tas an cinna wa shara wuta.

Idan gasa tsakanin itatuwa da amfanin gona ta yi tsanani, mukan haƙa siririn rami a gefen layin itatuwa mu yanke saiwoyin da suka kutsa, amma ba kusa da gindi ba, kuma sai an maimaita don suna sake tohowa. Na kuma hana ma'aikatana yin huɗa mai zurfi daf da sabon dashe. Da inuwa ta rufe fili, sai mu janye masara mu koma shuka mai jure inuwa wadda za ta lulluɓe ƙasa.