Salatin Isra'ila: aikin wuƙa ne kafin komai

A ɗan shagonmu na abincin biki da na ofisoshi, babu abin da ake raina wa kamar wannan salatin, kuma babu abin da ke cin lokacin ma'aikata kamarsa. Tumatir ne da kokwamba da albasa, sai ganyen faski (parsley), lemon tsami, man zaitun da gishiri. A can Isra'ila sunansa salat katsuts, wato yankakken salati, wasu kuma na ce masa salat aravi, wato salatin Larabawa, domin daga girkin Falasɗinawa da sauran Larabawan yankin aka ɗauko shi. Gonakin haɗin gwiwa na kibbutz ne suka mai da shi abincin karin kumallo, daga baya ya shiga cikin burodin pita tare da falafel (wani irin ƙosai na can) da shawarma.

Ga awon da muke bi na mutum huɗu: tumatir giram 500, kokwamba giram 500, rabin ƙaramar jar albasa, faski cikin hannu ɗaya, man zaitun babban cokali 3, ruwan lemon tsami babban cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai son na'a-na'a ko koren tattasai yana iya ƙarawa, amma kaɗan.

Gwanintar duk tana wurin yanka. Kowane gutsure kada ya wuce rabin santimita, kuma na tumatir da na kokwamba su zama kai ɗaya, yadda cokali guda zai ɗebo komai. Wuƙa mai kaifi tana ratsa fatar tumatir ta wuce, katakon yanka ya zauna kusan a bushe. Dakusasshiya kuwa danne shi take yi, sai ka ga jan ruwa da 'ya'ya suna malala har gefen katako, abin da ya rage a hannunka kamar an fara markaɗen miya. Shi ya sa ake wasa wuƙaƙenmu kowace safiya, kuma ba ma barin injin yanka ya taɓa wannan aiki. Tumatir ana fara yanka shi fale-fale, a jera, a tsaga a tsaye, sannan a gicciye. Faski ma wuƙa ta bi ta kansa sau ɗaya ko biyu kawai. Idan aka yi ta daddatsa shi baƙi yake yi, ƙamshin ya tsaya a katako.

Tumatir ɗin da ya dace shi ne mai tsoka, wanda ya nuna amma bai yi laushi ba, irin dogon nan da ake samu lokacin sanyi daga Kadawa. Nan ne dillalai ke ba mu ciwon kai. Saman kwando kamar a ɗauki hoto, ka zurfafa hannu ka tarar da fasasshe da mai tsami a ƙasa. Na miya yana iya jure wannan, na salati ba ya iyawa, domin ɗanye za a ci. Da damina, idan mai kyau ya yi wuya, gara mu gaya wa mai oda gaskiya. Kuma ba a sa tumatir a firji kafin a yanka, sanyi yana kashe masa ɗanɗano.

Kokwambar da ake amfani da ita a can ƙarama ce, mai siririn ɓawo da ƙananan 'ya'ya. Tamu ta kasuwa ta fi girma da ruwa, don haka a tsaga ta biyu a kankare cikin da cokali, a ɗanɗana bakinta ko da ɗaci. Albasa a jiƙa ta minti 10 a ruwan sanyi bayan an yanka, a tsane. Lemon tsaminmu ƙanana ya fi lemon can kaifi, sai a fara da cokali ɗaya da rabi, kuma kada a matse shi har ɓawo, ɗaci zai fito. Duk kayan a wanke su da ruwa mai tsabta, a goge su bushe, domin mai ba ya kama jiƙaƙƙen ganye.

Gishiri shi ne agogon wannan salati. Da zarar ya sauka, yana fara janyo ruwan tumatir da kokwamba, cikin rabin awa kwano ya zama tafki. Saboda haka idan odar biki ce, muna kai yankakken kayan a rufe daban, mai da lemo da gishiri a kwalba daban, a haɗa lokacin da baƙi suka zauna. Ruwan da ya taru a ƙasa bayan an ci kuwa ba a zubarwa, da burodi ake dangwale shi.

Yanzu masu kwaikwayo sun yi yawa. Su yanka kokwamba manya-manya, su zuba kabeji da karas don ya cika roba, su lafta mayonis, su kira shi da wannan suna a rabin kuɗinmu. Wasu man gyaɗa suke sawa da ruwan khal. Sai mai saye ya zo yana cewa, "Haba Hajiya, tumatir da kokwamba ne fa, a rage mana." To, a man zaitun ba ma ragi: na matsar farko muke saye, a kwalba mai duhu, a ajiye nesa da murhu, kuma duk kwalbar da aka buɗe sai an ɗanɗana ta a cokali kafin ta shiga kwano. Idan ta fara warin tsohuwar gyaɗa, ta tashi daga aiki.