Godiya ga waɗanda suka fitar da ni kunya a awon riɗin bana

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah an gama awon riɗin ƙungiyar manoman garinmu, kaya sun wuce Maigatari, shi ne na ce bari in fito in yi godiya tun kafin in shiga wata hidimar.

Waɗanda ke wurin sun ga abin da ya faru ranar farko. 'Yar manhajar da na haɗa don lissafin buhuna ta dinga maƙalewa a wayar sakatare, ga dattawa zaune a rana suna jira, wani baba har ya ce a ɗauko littafi da biro kawai a huta. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Godiya ta musamman ga malamina na kwamfuta da ya kira ni cikin dare muka bi abin layi layi. Ashe laifina ne. Duk nauyin da aka rubuta, a ce 98.75, sai manhajar tawa ta sa na yanko shi daga layin rubutun na yi masa sabon gurbi a memori kafin in mayar da shi lamba, layi dubbai kuwa, ƙaramar waya mai ram giga 1 ina za ta kai? Sai tsarin Android mai kwashe shara ya yi ta sintiri yana share gurabun, aiki na tsayawa. Malam ya ce Ɗana, bar yanke-yanken nan, karanta harafi ɗaya ɗaya a inda yake, ka ninka abin da ke hannunka sau 10 ka ƙara sabuwar lambar, in ka zo kan ɗigo ka fara ƙirga lambobin bayansa. 98.75 ta koma 9875 ke nan, babu sabon gurbi ko ɗaya. Ya kuma hana ni ajiye kuɗi da ɗigo, wai in riƙe su a kwabo, don a lissafin kwamfuta mai ɗigo 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif, na gwada kuwa na gani da idona.

Yayana da ya ba ni aron janareta har asuba, da mai cajin bakin kasuwa da bai karɓi ko sisi ba, da Inna da ta yi ta aiko min da kunu, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Baban da ya ce a ɗauko littafi ma na gode, shi ne farkon wanda aka auna wa washegari.