Baƙar Laka da Warin Baragurbi, Daga Kwatar Kano Zuwa Ƙasan Teku

Ranar Asabar da ta gabata matasan layinmu suka fito aikin gayya na yasar kwata kafin damina ta kankama, ni kuma na tsaya ina duban abin da shebur yake kwasowa. Saman lakar launin ƙasa ne, kaurinsa bai kai na yatsa ba, amma ƙarƙashinsa baƙi ne ƙirin, yana tashin warin baragurbi mai sa mutum kawar da kai. Zuwa washegari, tarin lakar da aka jibge a bakin titi ya sha iska, samansa ya koma ja-ja kamar tsatsa. Wannan abin da muka saba gani, shi ne yake hallaka halittu a ƙasan tekuna da dama, ko da yake Kano tana da nisa ƙwarai da teku.

Warin nan na iskar haidurojin salfayid ne, wadda take ɗauke da farar wuta. Idan matattun tsirrai da ƙazanta suka taru a ƙasan ruwa, ƙwayoyin bakteriya sukan ci su har su ƙarar da iskar oksijin da ke cikin lakar. Daga nan sai wasu ƙwayoyin su karɓi aikin, suna numfashi da gishirin salfet a madadin oksijin, suna fitar da salfayid. Idan salfayid ya haɗu da sinadarin ƙarfe da ke cikin laka, sai ta yi baƙi. Ruwan teku kuwa yana ɗauke da salfet kusan giram 2.7 a kowace lita, wanda ya ninka na ruwan kogi sau ɗaruruwa, don haka abin da yake ɗan kaɗan a kududdufinmu, a teku ba ya rasa makamashi.

Iskar salfayid guba ce mai tsanani, domin tana toshe hanyar da ƙwayoyin jiki suke amfani da oksijin, kuma tana cikin iskokin da suke kayar da masu shiga masai ko tsohuwar rijiya. Kifi yana iya guduwa, amma tsutsotsin laka da dodon koɗi da masu ɓawo irin su ƙumba ba su da inda za su, ƙaguwa da jatan lande ma ba su cika yin nisa ba. Da farko sukan fito daga ramukansu su kwanta a saman laka suna neman iska, sannan su mutu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da yake biyo bayan mutuwarsu. Waɗannan ƙananan halittu su ne manoman ƙasan teku, domin kamar yadda tana take sassauta ƙasar gona, haka suke haƙa ramuka suna zuƙo ruwa mai oksijin zuwa cikin laka, oksijin ɗin kuma yana karya dafin salfayid. Da zarar sun mutu, ramukan sun toshe, baƙar lakar ta hauro har sama, gawarwakinsu sun zama sabon abincin bakteriya, ƙananan ’ya’yan irin waɗannan halittu da igiyar ruwa take kawowa kuma ba za su iya zama a wurin ba. Shi ya sa ko oksijin ya dawo, wurin yakan ɗauki shekaru kafin ya farfaɗo.

A wasu wurare yanayi ne ya kawo hakan. Bahar Aswad, tekun da ke arewacin Turkiyya wanda zurfinsa ya haura mita 2,000, ba shi da oksijin daga kimanin mita 150 zuwa 200 abin da ya yi ƙasa. A gaɓar Namibiya salfayid yakan ɓalle daga laka ya mayar da ruwa fari-fari, har a hango shi ta tauraron ɗan adam. Akwai ma halittun da suka mayar da gubar abinci, kamar dogayen tsutsotsi marasa baki da aka gano a 1977 kusa da tsibiran Galafagos, waɗanda bakteriyan da ke cikin jikinsu suke ciyar da su da salfayid.

Amma a Mashigin Tekun Meziko hannun mutum ne, domin takin zamani da kogin Misisifi yake kwasowa daga gonakin Amurka yana haifar da gansakuka mai yawa, wadda take mutuwa ta nutse ta ruɓe. A 2017 yankin da oksijin ya yi ƙaranci a can ya kai murabba’in kilomita kusan 22,700. Haka ma ƙarƙashin kejin kiwon kifi a teku, inda ragowar abinci da kashin kifi suke taruwa. Wannan ne ya sa nake tunanin namu ruwan, musamman da yake manyan majemu na zamani suna amfani da sinadarin salfayid wajen cire gashin fata, kuma ruwan kwatocin birni yana gangarawa ta Jakara, inda masu lambu suke ban ruwa da shi. Lakar da muka yashe ranar Asabar tana nan jibge a bakin titi, kuma idan ba a kwashe ta ba, ruwan farko zai mayar da ita cikin kwatar, ta bi wannan hanyar.