Abin da haɗa kalandar ofis da kwamfuta da waya ya koya mini

Aikina a ofishinmu shi ne tsara tarurruka da tafiye-tafiyen shugaba da mataimakansa biyu, kuma na shafe shekaru ina yin sa da dayari da biro kafin a yanke shawarar mu koma kalandar intanet. Da aka damƙa mini wannan sauyi, abin da na ɗauka shi ne in na rubuta taro a wuri ɗaya, zai bayyana a kwamfutar shugaba da wayarsa ba tare da wani ƙarin aiki ba. Burin ke nan kuwa, kuma ana cim masa, sai dai hanyar da na fara bi ba ita ba ce.

Na buɗe kalandar ofis a Google Calendar, na cika ta da tarurrukan wata uku, sannan na sauke ta a matsayin fayil na shigar da shi cikin manhajar da ke kwamfutar shugaba. Komai ya bayyana daidai. Bayan mako biyu aka matso da wani zama daga ƙarfe 2 na rana zuwa 11 na safe, na gyara a intanet, na ci gaba da harkokina. Ranar zaman baƙi suka hallara, shugaba kuwa yana wata unguwa, domin kwamfutarsa ba ta daina nuna masa ƙarfe 2 ba. Da ya dawo ya tambaye ni, abin da na iya cewa kawai shi ne, “Ranka ya daɗe, na gyara a wajena.” Gaskiya na faɗa, amma gaskiyar ba ta hana baƙi zaman jira na sa'a biyu ba, kuma nauyin abin a wuyana yake.

Daga wannan rana na zauna na karanci yadda abin yake aiki, na gane cewa hanyoyi uku ne mutane ke kira da suna ɗaya. Kusan dukkan kalandojin nan suna fahimtar juna ne ta wani tsarin rubutu mai suna iCalendar, wanda aka kafa ƙa'idarsa a 1998 aka sabunta a 2009, shi ne fayil ɗin da sunansa ke ƙarewa da ics. Idan mutum ya sauke wannan fayil ya shigar da shi wata manhaja, kwafi ya yi, kamar wanda ya kai takarda aka yi masa fotokwafi: duk gyaran da za a yi wa asalin daga baya ba zai taɓa kwafin ba. Kuskurena ke nan. Hanya ta biyu ita ce a bai wa manhajar adireshin kalandar, ta riƙa komawa tana duba ko an sauya wani abu. Wannan ta fi kwafi, amma gani kawai take ba mutum, ba ya iya gyara daga ɓangarensa, kuma manhajar ce ke da ikon lokacin da za ta sake dubawa, wanda a wasu kalandojin yakan ɗauki sa'o'i da yawa. Ta dace da jadawalin ranakun hutu ko na horo da ba ya yawan motsi. Ba ta dace da taron da za a iya ɗagawa da safe a yi shi da rana ba.

Hanya ta uku ita ce ainihin daidaitawa, inda gyara ke tafiya ta kowane ɓangare, kuma tana buƙatar a shigar da asusun da kalandar take ciki, shi kansa, cikin na'urar. A nan ƙa'idar CalDAV take aiki, wadda aka fitar a 2007, ko kuma tsarin Exchange na Microsoft. Wayar iPhone tana karɓar CalDAV daga cikin saitinta. Wayar Android tana daidaita asusun Google kai tsaye, amma idan kalandar tana kan wata uwar garke dabam, wato babbar kwamfutar da ke ajiye ta a intanet, wadda ba ta Google ba, yawanci sai an sa ƙaramar manhaja irin DAVx5 ta zama gada. A kwamfuta, manhajar imel ta Thunderbird tana da kalanda a jikinta tun daga siga ta 78 a 2020 kuma tana jin CalDAV, yayin da tsohuwar Outlook ta kwamfuta, manhajar imel da kalanda ta Microsoft, aka gina ta a kan Exchange, saboda haka adireshin kalandar Google da aka liƙa mata gani kawai yake bayarwa. Da na san wannan tun farko, da tambayar da zan fara yi ita ce wace manhaja kowa ke amfani da ita, kafin in zaɓi inda kalandar za ta zauna.

Abin da na ɗauka daga duk wannan, wanda har yau nake aiki da shi, shi ne dole kalanda ta kasance da asali ɗaya tak, sauran na'urori kuma tagogi ne da ake leƙa shi ta cikinsu. Da zarar an sami asali biyu, rikici ya shigo. Na ga haka a wayar ɗaya daga cikin mataimakan shugaba, wanda ya rantse yana sa tarurrukansa amma ni ban ganinsu. Da na duba, sai na tarar wayar tana ajiye sabon abu a wata kalanda da ke cikin wayar kanta, wadda ba ta da alaƙa da kowane asusu. Gyaran bai wuce minti ɗaya ba: na sauya kalandar da wayar ke zaɓa da kanta zuwa ta ofis. Haka kuma tarurrukan da ke fitowa bibbiyu a kwamfutar shugaba, tsohon kwafina ne yake zaune kusa da na gaskiya, sai da na goge shi gaba ɗaya.

Batun agogo ya fi ba ni wahala, domin mu a Najeriya ba mu saba da sauya agogo ba. Sa'a ɗaya muke gaba da lokacin Greenwich duk shekara, Accra kuwa a kan Greenwich ɗin take. Ingila tana tura agogonta gaba da sa'a ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Muna da zama na mako-mako da abokan aiki a Landan da ƙarfe 10 nasu, wanda a watan Janairu ƙarfe 11 ne a wajenmu, a watan Afrilu kuma ƙarfe 10. Da zan rubuta shi da hannuna a ƙarfe 11 na Najeriya in ce ya maimaita kowane mako, to daga ƙarshen Maris da mun riƙa makara da sa'a guda. Yanzu duk taron da masu shi ke wata ƙasa, da agogon garinsu nake shigar da shi, ko in karɓi gayyatar da suka aiko, in bar kalandar ta yi lissafin.

Akwai kuma abin da ya shafi halin da muke aiki a ciki. Yawancinmu muna kunna tanadin batir da tanadin data, kuma waɗannan saituna kan dakatar da daidaitawar da waya ke yi a ɓoye, ta yadda kalandar za ta nuna abin da ta sani tun jiya ba tare da wani gargaɗi ba. Na cire manhajar kalanda daga wannan takunkumi a wayoyin mutum ukun da nake wa aiki. Adireshin sirri na kalandar, wanda na taɓa turawa wani rukunin WhatsApp don sauƙi, na soke shi na fitar da sabo bayan na fahimci cewa duk wanda ya riƙe shi yana karanta tarurrukanmu ba tare da kalmar sirri ba.

Duk lokacin da wani ya sauya waya ko aka gyara kwamfuta, gwaji ɗaya nake yi kafin in miƙa na'urar. Nakan sa taron gwaji daga wayar in ga ya fito a intanet, in sauya lokacinsa a intanet in ga ya sauya a kwamfuta, sannan in goge shi daga kwamfutar in jira ya ɓace a wayar. Sai ukun sun faru a idona nake ce wa mai na'urar ya dogara da ita.