Daga Jibiya zuwa Galmi: Sujada a Rumfar Kara

A farkon damina ikkilisiyarmu ta aike ni aikin bishara a Jamhuriyar Nijar. Na bi ta Katsina da Jibiya, aka duba takarduna a Ɗan Isa, muka wuce Danja inda asibitin kutare na mishan yake, muka shiga Maraɗi da la'asar. Harshe ɗaya ne da na gida, tuwo ma ɗaya, amma matsayin Kirista ya bambanta ƙwarai. Tun 1924 'yan mishan na ƙungiyar bishara ta SIM suka sauka a Damagaram, duk da haka ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. A birane akwai majami'u na siminti da kwano. Ni kuwa ƙauyuka aka tura ni.

Ƙauyen farko yana arewa da Tsibiri, garin Sarkin Gobir, kuma hanyarsa rairayi ce zalla, har sai da muka sauka daga babur muka tura shi a wurare da dama. Majami'ar rumfar kara ce da aka kewaye da zana, kujerunta kututturan itace, ƙararrawarta kuma tsohon ƙarfen mota da aka rataye a jikin gawo. Mai bisharar wurin manomi ne kamar kowa, ba shi da albashi, kuma ranar Asabar a gona na same shi da hauya a kafaɗa.

An yi shuka, gero ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke, ganye ya fara yaushi. A wannan hali muka shiga sujadar Lahadi. Mata suka buga tulu da caki, aka rera waƙoƙin da na saba ji tun ina yaro, mai bishara ya karanta Zabura 65, inda ake yabon Allah mai shayar da kunyoyin gona. Da aka zo addu'a, sai ya ce wa wata tsohuwa, "Inna, ki roƙa mana." Ta durƙusa a kan yashi ta fara ambaton gonaki ɗaya bayan ɗaya da sunayen masu su: gonar gwauruwar da ke bayan rijiya, gonar mai gari, gonar liman, gonar maƙerin da ɗansa ba shi da lafiya. Yawancin waɗanda ta ambata Musulmi ne, maƙwabtanta da danginta, kuma nata rumbun ma babu komai a ciki. Ba ta ɗaga murya ba, tana magana ne irin ta wanda ya tabbata ana sauraronsa. A nan na ji kusancin Allah ya lulluɓe ni har na kasa buɗe baki da aka ce in sa albarka, alhali na yi shekaru ina wa'azi a gaban ɗaruruwan mutane.

Baikon ranar bai cika tafin hannu da kuɗin sefa ba, amma wani ya kawo ƙwai, wata ta kawo rabin tiyar wake. Daga baya wani dattijo ya nuna mini rumbun ikkilisiya, wanda kowane gida ke zuba damin gero a cikinsa da kaka, a ranta wa mai buƙata a watannin yunwa kafin sabon hatsi ya nuna. Na tambaye shi ko 'yan ikkilisiya kaɗai ake ba, ya ce, "Malam, yunwa ba ta tambayar addini." A ganina wannan rumbu yana wa'azi fiye da yadda ni baƙo zan iya.

Daga nan na yi yamma ta Madawa zuwa Galmi, garin albasa, inda asibitin mishan ke aiki tun 1950, marasa lafiya suna zuwa har daga Nijeriya. A wani ƙauye kusa da nan na tarar da ikkilisiyar da samarinta suka tafi neman kuɗi Agadas da Libiya ba su dawo noma ba, aka bar mata da tsofaffi. Yarinya ɗaya ce mai karatu a cikinsu, ita ke riƙe Littafi Mai Tsarki, tana karantawa a hankali tana tuntuɓe, manya suna maimaita kowace aya bayanta domin su haddace. Irin natsuwar da na ji a rumfar arewacin Tsibiri, ita ce na sake ji a nan.

Bayan sujada na tambayi shugabar zumuntar mata abin da suka fi buƙata, ina tsammanin za ta ce kwanon rufi. Ta ce, "Ɗana, yarinyar nan aure za ta yi bayan kaka, wa zai karanta mana?" Saboda haka na rubuta wa ikkilisiyarmu cewa zan zauna har a gama girbi, muka buɗe ajin yaƙi da jahilci bayan an taso daga gona, shugabar da kanta ce ta fara rubuta suna.