Kwamfutar shagon Kawu

Yamai, Asabar 18 ga Afrilu 2026

Tun jiya da dare Kawu ya aiko mini da saƙon murya cewa kwamfutar shagonsa ta gaji, in zo in duba ta kafin ya kira masu sayen tsofaffin kaya. Na san matsayin wannan na'ura a gidansa. Da ita ake buga takardun neman aiki, wasiƙun zuwa ma'aikatu, katin suna da na aure, har da memwar ɗin ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da ke ƙetaro gada daga Harobanda saboda hannun Kawu ba ya yawan kuskure a Faransanci. Cefanen gida da kuɗin lakwal ɗin yara duk daga nan suke fitowa. Don haka ina karyawa na hau kabu-kabu zuwa Wadata tun rana ba ta buɗe ba.

Na tarar ya kunna ta, ya zauna yana kallon ɗan da'irar nan tana juyawa. Bayan mun gaisa ya ce, "Ka gani, ɗana, sai in dafa shayi in sha na fari ba ta gama farkawa ba. Tsufa ne ya kama ta."

Na ce, "Kawu, ku bar ni in tambaye ta tukuna."

Kwamfutar tebur ce da aka sayo ta hannu. Furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, Core i3 na zubi na huɗu, wato ƙirar wajen 2013, ram giga 4, faifan ajiya mai juyawa na giga 500, Windows 10 a kai. Kafin in taɓa komai na kwashe takardun mutane gaba ɗaya na zuba a faifan waje da na zo da shi, sannan na sa Windows ta ajiye alamar komawa, yadda in wani saiti ya ɓata abu za a iya mayar da ita yadda take. Takardun nan amana ce. Akwai wanda in memwar ɗinsa ya salwanta, shekara guda ce ta rayuwarsa ta tafi.

Sai na danna Ctrl da Maj da Échap tare (Shift da Esc a madannai na Turanci), allon da ke nuna ayyukan da ke gudana ya fito. A nan ne kwamfuta take faɗin ciwonta da bakinta, kuma abin da ke damuna shi ne masu gyara da yawa ba sa ko leƙa shi, sai dai su ce a goge komai a zuba sabo. Furosesa yana zaune kusan ba aikin da yake yi. Ram ya kusa cika. Faifan ajiya kuwa ya manne a 100 bisa 100, ba ya sauka. Na nuna wa Kawu, na ce ƙwaƙwalwarta lafiya lau take, jiran faifai take yi. Ya ce in yi masa bayani da Hausar mutane. Na ce ram ƙwarya ce, faifai kuma rumbu. In ƙwaryar ƙarama ce kuma an cika ta da tarkace, duk abin da mai aiki yake so sai ya tashi ya hau rumbu ya ɗebo, ya mayar da wani. Wannan kai da komowa shi ne jiran da kuke yi. Ya gyaɗa kai, ya ce to a zubar da tarkacen.

Na fara da jerin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Sun yi yawa ƙwarai: na hira, na sauke bidiyo, na wata na'urar buga takarda da ta bar shagon tuntuni, da wasu da yaran gida suka saka ba da sanin kowa ba. Na kashe tashinsu, na bar na sauti da na firintar da ake aiki da ita. Kawu ya tsorata, ya zaci gogewa nake yi. Na ce suna nan, in an kira su za su zo, hana su shigowa ba sallama kawai na yi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne manhajojin kariya har biyu da wani ya ɗora a kan wadda Windows ta zo da ita, ɗaya ma wa'adinta ya ƙare, ba abin da take yi sai fito da talla. Ga kuma wata mai alkawarin "ƙara gudu" da dannawa ɗaya. Duk fayil ɗin da Kawu ya buɗe sai kowace ta tsayar da shi ta bincika, a kan faifan da dama numfashi yake da ƙyar. Na cire su duka, na bar Defender, wato wadda Windows ta zo da ita, ita kaɗai, na tabbatar tana kunne. Ba zan taɓa barin kwamfutar shago ba kariya ba, don kile, wato filashin USB, nawa ne ke shiga jikinta a yini, daga wannan hannu zuwa wancan, kuma kowa a garin nan ya san ƙwayar nan da ke ɓoye takardun mutum ta bar masa gajerun hanyoyi na ƙarya a madadinsu. Na kashe saitin da ke buɗe kile da kansa, na nuna wa yaron shagon yadda zai danna dama ya sa a bincika kowane kile kafin ya buɗe.

Daga nan na danna maɓallin Windows da R, na rubuta sysdm.cpl, na shiga wurin adon fuska. Inuwar tagogi, sulɓin buɗewa da rufewa, dusashewar jerin zaɓi, duk na sauke su. Biyu na bari da gangan: santsin gefen haruffa, domin Kawu yana yini yana kallon rubutu kuma idonsa ba na da ba ne, da ƙananan hotunan fayil, domin da su yake gane hoton fasfon wane ne ba sai ya buɗe ba. A wannan wurin ne kuma ake samun saitin ram na aro, wato yankin faifai da Windows ke jingina da shi in ram ya cika. Na sha jin matasa a fada suna cewa a kashe shi kwamfuta ta yi gudu. A kan giga 4 wannan shawara ce mai cutarwa, Word zai iya rufewa ana tsakiyar rubutu. Na bar wa Windows ta ci gaba da auna shi da kanta.

A services.msc, jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage, na dakatar da SysMain. Aikinsa shi ne ya riƙa ɗebo manhajojin da aka saba buɗewa ya ajiye a ram tun kafin a neme su. Dabara ce mai kyau in ram yana da fili, amma a nan filin ne babu. Na tsaya ina kallon lambar faifai, sai ga ta tana saukowa. Na'urar lissafa fayiloli don bincike kuwa ban kashe ta ba, na taƙaita ta ga jakar takardu kawai, saboda Kawu da sunan mutum yake neman tsohuwar wasiƙa.

Ana kiran azahar kuran ya ɗauke. Muka je masallaci, muka dawo, shiru. Zafin Afrilu a Yamai ba sai an ba kowa labari ba, sama da digiri 40 abu ne na kullum, kuma shagon rufin kwano ne. Tunda ba abin yi, na cire waya na buɗe akwatin. Ƙurar hunturun bana da ta bara duk tana ciki, ta yi dam a kan fanka da haƙoran ƙarfen da ke shanye zafin furosesa. Furosesa in ya ji zafi ya wuce kima, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, kuma babu saitin da zai hana shi. Na fita da akwatin waje, na riƙe fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa, na bi ta da burushin fenti mai laushi da ɗan famfon hura iska. Na roƙi Kawu a daina ajiye ta a ƙasa bakin ƙofa inda duk mai wucewa yake tayar mata da ƙasa. Muka ɗora ta kan tebur, muka bar tazara tsakaninta da bango. Inna ta aiko da fura mai sanyi, muka sha a inuwa.

Wajen la'asar kuran ya dawo. Na gudanar da cleanmgr, ya kwashe tarin fayilolin wucin gadi da ragowar tsofaffin sabuntawa. Haɗa gutsattsarin faifai na bar shi sai dare, don yana ɗaukar lokaci. Intanet ɗin shagon daga wayar Kawu yake zuwa, saboda haka na yi wa layin alamar mai iyaka don kada a cinye masa forfe a ɓoye, na kuma kashe saitin da ke tura wa wasu kwamfutoci sabuntawa daga tasa. A Word na rage tazarar ajiyar kai tsaye daga minti 10 da take zuwa da shi zuwa minti 3, tunda batirin akwatin da ke riƙe kwamfuta in kuran ya tafi ya mutu. Na kuma gaya wa yaron shagon abin da mutane da yawa ba su sani ba: a Windows 10 kashewa ta kullum ba ta wanke komai, tana ajiye wani sashe don ta tashi da wuri. Sake kunnawa ne ke farawa daga tushe, don haka in ta fara nauyi shi zai zaɓa.

Da muka sake kunna ta, bambancin a fili yake. Wata ɗaliba da ta zo tun safe ta koma, ta sake dawowa, aka buɗe memwar ɗinta mai cike da jadawali, shafuka suna tafiya ba tsayawa. Kawu ya yi hamdala, ya sa mini albarka har na ji nauyi.

Amma na gaya masa gaskiya, saiti yana da iyaka. Faifai mai juyawa in ya yi ƙoƙari ya karanta mega 100 da wani abu a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa, wato faifan da ba ya juyawa, yana kai wajen 500, kuma a kan ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. In kuɗin abu ɗaya ne da shi, SSD zai fara saye, ram ya biyo baya. Na duba, Windows ɗinsa mai bit 64 ce, akwai kuma gurbin ram na DDR3 guda a buɗe, za ta karɓi giga 8.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. Tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, ƙarin wa'adin sabunta tsaro ga waɗanda suka yi rajista kuma zai tsaya 13 ga Oktoba 2026. Windows 11 tana neman sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na takwas, wannan kuwa na huɗu ne. Na kawo masa zancen Linux Mint a madadin Windows, wadda ke tafiya da sauƙi a irin wannan na'ura, da LibreOffice a madadin Word. Ya yi shiru, sannan ya ce shi tsoronsa kada takardar mutum ta zo daga Word jerin shafukanta ya wargaje, ga kuma firinta. Damuwarsa tana kan hanya, don hakan yana faruwa da takardu masu jadawali da yawa. Muka tsaya a kan cewa ranar Litinin in na tashi daga aiki zan biya kasuwa in tambayo kuɗin SSD mai giga 256, in kuma zo da Mint a kile ya gwada ba tare da an zuba ta a faifai ba. Ya ce in taho da wuri, zai ware memwar biyu mafi rikitarwa da ke shagon mu buɗe a ciki, mu buga shafi goma-goma mu gani.