Tambayar Ankul a saman bene

Yau ma barci bai dawo ba bayan asuba. Na hau sama in kwashe shanyar da na manta jiya, ruwan Bangalore, nan Indiya, ya riga ya yi mata wanki na biyu, sai ga Ankul, dattijon Ba'indiyen nan, a tabarmarsa ya naɗe ƙafa, ya toshe hanci ɗaya yana jan numfashi da ɗayan, pranayama ɗin nan nasa. Ina lallaɓawa zan sauka ya buɗe ido, wai beti, wato 'yata, ya sakamako? Anti ce ta kai mishi, ko tantama babu.

Na ce kwas ɗin famakoloji ya kayar da ni, sai na sake. Ban ji ya ce sannu ba. Cewa ya yi karatun nan ke kika zaɓa ko zaɓa miki aka yi?

Na ce Baba ne, kemis ɗinsa yake so in riƙe idan na gama.

Shi ke nan fa na tsokano tsuliyar dodo, ga jiƙaƙƙun kaya a hannuna suna ɗiga a silifas. Wai mutane sun ɗauka yoga lanƙwasa jiki ne kawai, alhali a wurinsu rayuwa buri huɗu gare ta, darma wato haƙƙin da ya rataya a wuyanka, arta neman na kai, kama jin daɗi, sai moksha, kuɓuta daga maimaita haihuwa da suka yi imani da ita. Da ya ce kama sai da dariya ta kuɓuce min, na ce mu a yarenmu ai damƙa ce, ya ce to ai haka take yi wa mutum. Daga nan ya ɗauko labarin Arjuna a littafinsu mai tsarki Bagabad Gita, jarumin da ya ajiye baka a filin Kurukshetra don ya hango 'yan uwansa da malamansa a ɗaya ɓangaren, da yadda abin bautarsu Krishna ya ce masa gara mutum ya yi aikin da yake nasa ko da tangal-tangal da ya ƙware a na wani.

Wallahi nan gabana ya faɗi, don keken ɗinkina da na bari a ɗakin Mama shi ya fara zuwa min. Na ce to Ankul ka ga ni ɗinki nake so, ke nan in tattara in koma gida? Ya yi dariya, wai ai Arjuna ba a ce ya tafi ba, cewa aka yi ya ɗau bakansa ya tsaya, kuma haƙƙin uba shi ma darma ne. Na ce to wanne ne nawa a ciki? Wai ki yi aikin da ke gabanki ki cire ido daga sakamako, shi ne karma yoga. Na ce wannan kam muna da makamancinsa, ka ɗaure raƙuminka ka yi tawakkali, amma ba shi na tambaye ka ba. Sai ya kaɗa min kan nan nasu da ba ka sanin e ne ko a'a, ya sake toshe hanci.

Ni ba addininsu ya dame ni ba, ina da nawa Alhamdulillah. Haushina tsohon ya buɗe abin da na rufe shekara biyu ya koma numfashinsa.

A aji, ban ji komai ba. Mai oto, adaidaita sahun nan, ya ƙi kunna mita, na biya ban yi musu ba, ku da kuka san ni kun san ba lafiya ba. Dosa, sinasir ɗinsu, da rana, rabi na ci.

Goma na dare na kira Mama, biyar da rabi a can, tana jiran magariba. Wai Baba ya sake fentin shago, duk wanda ya shigo sai ya ce 'yarsa na Indiya ta kusa dawowa. Na ce Allah ya sa. Maganar jarrabawa ban yi ba.

Littafi na buɗe a gado tun ɗazu, shafi ɗaya. Abayar 'yar ɗakinmu da ta yage a gefe dai na ɗinke ta da allura, har na ƙara mata kalmasa da ba ta ce in yi ba.